Ladidi da Baƙuwa Mai Hannu Dubu

Kai, ku yi mini shiru! Ke Hansai, sauke ƙazaman ƙafafunki daga kan tabarmata. Kai kuma Ɗanjuma, cusa wayar nan a aljihu kafin in jefa ta cikin randa. Yaran yanzu, ba kunya ba tsoro. Ɗazu da la'asar wa na gani ya tsinko wani tsiro a bakin kwata, ya zo ya dasa mini a gindin zogale? Kun san sunansa? Kun san halinsa? Kun tambayi wani babba? Ba ku tambaya ba, don kun ga furensa ja ne. Komai kuka gani mai kyau sai ku kwaso ku kawo gida. To ku matso nan, ku buɗe kunnuwan nan naku da ba sa jin magana.

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta, Iya!

Haka nake so. Wanda ya yi gyangyaɗi ba zan koma masa baya ba.

Wata yarinya ce, sunanta Ladidi. Uwarta ta rasu, ta bar ta da uba da wa. Uban, Baba Jatau, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Kullum yana zaune a tsakar gida, ƙarƙashin wata tsohuwar rumfa da zanarta ta ruɓe, rana tana shigowa ta ko'ina. Ba ya kiran Ladidi da sunanta, sai dai ya ce Uwata, don sunan tsohuwarsa aka sa mata. Wan kuwa, Tunau, ƙato ne lafiyayye, amma ba abin da ya iya sai neman inuwa. Inuwa ta matsa, ya ja tabarma ya bi ta. Ta sake matsawa, ya sake bin ta. Aikinsa ke nan.

Abin da uwar ta bar musu shi ne garka a bayan ɗaki. Kuɓewa ta gabas, yakuwa ta yamma, a tsakiya kuma bishiyar lalle da ta dasa da hannunta ranar sunan Ladidi. Daga garkar nan suke miya. Ganyen lallen nan Ladidi take kaiwa kasuwa ta samo gishiri da daddawa. In garka ta mutu, tukunyarsu ta mutu.

Wata shekara bazara ta yi tsanani. Rijiyar gari ta ƙafe, sai an tafi rafi mai nisa. Wata rana Ladidi ta ɗauko tulunta tana dawowa, sai ta ratsa ta wani fili da ba ta taɓa bi ba. Ko'ina a duniya ya bushe, amma filin nan kore shar. Wani tsiro mai yaɗo ya rufe shi kaf, ga fure, ga 'ya'ya jajaye.

Sai ta ji murya mai daɗi.

"Sannu da rana, 'yan mata."

Ladidi ta waiga gabas, ta waiga yamma, ba kowa.

"Ni ce nan ƙasa. Sunana Mai Hannu Dubu. Baƙuwa ce ni, ina neman masauki. Ki kai ni gidanku. Ba ni da yawa, taku ɗaya na ƙasa ya ishe ni."

Ladidi yarinya ce mai tarbiyya, ba irinku ba. An koya mata ba a korar baƙo. Ta karyo reshe ɗaya, ta tsoma a bakin tulu, ta kawo gida.

Baba Jatau ya duba, ya ce, "Uwata, kin tambaye ta daga ina ta fito?"

Ta ce, "Baba, na ji kunyar tambayar baƙuwa."

Ya ce, "To. Allah ya sa alheri ce."

Ta dasa ta a gindin rumfa, ta ba ta ruwa. Kwana ɗaya ta kama dirka. Kwana biyu ta hau sama. Kwana uku ta rufe rumfar ruf, ko ɗigon rana ba ya sauka. Baba Jatau ya yi barcin da ya shekara bai yi ba. Ladidi ta tsinki ganyen ta yi kwaɗo, ya ci ya ƙara. Ta tsinki 'ya'yan, zaƙi kamar zuma. Kafin mako biyu kumatun tsoho sun ciko, har yana waƙa yana tufka igiya. Ladidi ta ce a ranta, lallai na kawo arziki.

To amma Baƙuwa ta gama karantar gidan. Ta ga mai tashi da asuba, ta ga mai kwana har hantsi. Sai ta bari Ladidi ta tafi rafi, ta sunkuyo da hannu ɗaya wajen Tunau, da 'ya'ya uku jajaye a jiki.

"Ranka ya daɗe, maigida."

Tunau ya buɗe ido ɗaya. Tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa ce masa maigida.

"Da ni kike?"

"Da wa zan yi in ba kai ba? Tsoho ya tsufa, yarinya yarinya ce. Kai ne gidan."

Sai ta rera masa:

"Taku ɗaya, taku ɗaya,
Baƙuwa ba ta da yawa.
In miƙe ƙafa in huta,
Gobe da safe in gode."

Tunau ya cika baki da 'ya'ya, ya ce, "Taku ɗaya kawai? Miƙe abinki."

Ta miƙe. Taku ɗayan nan bai tsaya ba sai da ya haye danga ya kwanta a kan kuɓewa.

Ladidi ta dawo ta ga kuɓewa ta yi laushi, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yaya, wa ya ba ta izini?"

Ya ce, "Maigida."

"Baba?"

"Ni."

Ladidi ta ɗauko lauje ta sassare hannun da ya shiga garka, gunduwa bakwai, ta bar su nan a ƙasa. Gari ya waye, sai ga kowace gunduwa ta yi saiwa ta tsaya da ƙafarta. Jiya hannu ɗaya ne a garka, yau bakwai.

Ta tafi rafi hankalinta a tashe. Baƙuwa ta sake sunkuyowa wajen Tunau.

"Ranka ya daɗe, maigida. Ka ga abin da ƙanwarka ta yi mini, ban yi fushi ba."

Ta rera masa waƙarta. Ya ce, "Miƙe abinki." Ta miƙe, ta danne yakuwa.

Rana ta uku ko waƙar ba ta ƙarasa ba. Tana cewa "Taku ɗaya," Tunau ya ɗaga hannu daga kwance ya ce, "Je ki, je ki, kada ki tashe ni." Ta tafi kai tsaye ta naɗe bishiyar lalle tun daga gindi har wuya.

Da Ladidi ta dawo ta gani, tulun ya kusa suɓuce mata. Ta ji lallen yana nishi a hankali, yana cewa, "Ladidi, numfashi. Kwana uku in ba a sake ni ba, na bi uwarki."

Ta zo ta durƙusa gaban ubanta tana hawaye.

Baba Jatau ya ce, "Share idonki, Uwata. Ke kika kawo ta, ke za ki yanke. Sara ba ya kashe ta, kin gani da idonki. Sai dai wuta. In kin ce a ƙone, a tara kara a ƙone ta har da rumfar, ni in koma rana, na saba. In kin ce a bar ta, to ki manta da garkar uwarki. Kwana uku lalle ya ce. Kwana ukun nan naki ne."

Ladidi ta dubi kumatun ubanta da suka ciko. Ta dubi lallen uwarta da ya fara zubar da ganye. Ta rasa wanda za ta bari.

Ke Hansai, ina ganinki, daina cizon farce ki saurara.

Rana ta farko Ladidi ta je wurin akuyarsu a turke.

"Sannu da hutawa, Akuya. Shawara na zo nema. Baƙuwar nan, in ƙone ta ko in bar ta?"

Akuya ta ce, "Ƙonewa? Wa ya taɓa ƙone abinci? Bar ta! Bar ta ta rufe garka, ta rufe gida, ta rufe gari. Ke dai ki kwance ni."

Ladidi ta duba, sai ta ga koren ganye a gefen bakin Akuya. Ta ce, "Na ji, na gode." A ranta ta ce, wannan cikinta ne yake magana.

Rana ta biyu ta je wurin kaza a akurki.

"Sannu da ƙoƙari, Kaza. Baƙuwar nan, in ƙone ta ko in bar ta?"

Kaza ta tashi da faɗa. "Ƙone ta! Yau, ba gobe ba! Tunda ta rufe ƙasa ba ni da wurin tono. Ga duhu a ƙarƙashinta, maciji ya samu ɗaki. 'Yan tsakina tara ne, yanzu shida. Ƙone ta, ki ƙone rumfar, ki ƙone wanki in ya ƙi tashi!"

Ladidi ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Baba fa? Ina zai zauna?"

Kaza ta ce, "Wannan kuma ba a akurkina yake ba."

Ladidi ta ce a ranta, wannan baƙin cikinta ne yake magana.

Rana ta uku ta fito tun da sassafe, ta zauna a gindin danga ta haɗa kai da gwiwa. Sai ta ji ƙus-ƙus-ƙus a cikin kara. Gara ce take cin dangar.

Ladidi ta ce, "Sannu da aiki, Gwaggo Gara."

Gara ta leƙo ta ce, "Oho, yau ni ce gwaggo? Ba ke ce kika zuba mini toka mai zafi shekaranjiya ba?"

"Ni ce, Gwaggo. Ki yafe mini. Dangar uwata ce kike ci."

"To, kin faɗi gaskiya, na yafe. Na ji kina yawon neman shawara. Kin tambayi mai cin ganye, kin tambayi mai tonon sama-sama. Ba ki tambayi wadda take kwana a ƙarƙashin ƙasa ba. Me za ki ba ni?"

Ladidi ta ce, "In kaka ta yi muka yi sabuwar danga, tsohuwar duka taki ce. Zan kai miki har bakin shuri."

Gara ta ce, "Na karɓa. Filin nan da kika ɗauko ta, kin san mene ne? Gari ne da, mai kasuwa da masallaci. Ita ta cinye shi da taku ɗaya-ɗaya, mutanen suka kwashe suka gudu. Ni na ci ragowar ƙyamarensu. Da kin tambaya da kin ji."

Ladidi ta ce, "Ashe wuta ce kawai."

"Ke ma da gaggawa kamar Kaza. Tsaya ki ji. Ganyenta abinci ne, inuwarta magani ce, wannan ba ƙarya. Ta hanya uku take ɓarna. Saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, amma ba ta iya huda yumɓun da aka gasa. Na sani, don ni ma ban iya ba. Gaɓarta duk inda ta taɓa ƙasa sai ta kafa, amma in tana sama ba ta da ƙarfi. 'Ya'yanta kuma ba sa tsira sai in sun bushe a jikinta sun fashe. Ki tare hanyoyin nan uku, kin sami baƙuwar kirki."

"Yaya zan yi in fitar da ita daga garka, Gwaggo? Ta kafa ko'ina."

Gara ta yi dariya. "Da me ta ci wanki Tunau?"

"Da kirari."

"To ita ma abin da take so ke nan. Sauran ya rage naki."

Ladidi ta tashi da gudu. A ɗakin uwarta akwai wata babbar randa da bakinta ya ɗan karye, ba a zuba ruwa a ciki. Ta mirgino ta waje. Ta wanke ta tas, ta shafe ta da farar ƙasa, ta yi mata zane da shuni. Ta ɗora ta a kan tsohon dutsen niƙa, dab da dirkar rumfa. Ta cika ta da ƙasa mai kyau da kashin akuya. Sannan ta yafa mayafi, ta je gaban Baƙuwa ta durƙusa har ƙasa.

"Ranki ya daɗe, Mai Hannu Dubu. Gafara na zo nema."

Baƙuwa ta ce, "Ta saran da kika yi mini?"

"Da wanda ya fi shi. Mun yi abin kunya a gidan nan. A garinmu babbar baƙuwa ba ta zama a ƙasa. Ko tabarma a kan shimfiɗa mata, ko kujera. Ke kuwa ga ki wata guda a cikin turɓaya, kafaɗa da kafaɗa da kuɓewa, kaji suna taka ki, akuya tana miki fitsari. In maƙwabta suka ji, da wane ido za mu dube su?"

Baƙuwa ta ce, "Ni ma na lura. Kawaici kawai na yi."

"To ga karaga na yi miki. Ta uwata ce, ba wanda ya taɓa hawa."

Baƙuwa ta juyo da furanninta duka ta dubi randar, fara sol da zanen shuni. Ta ce, "Kuɓewa za ta hau irin wannan?"

"Ina! Kuɓewa talaka ce."

"Yakuwa fa?"

"Ko a mafarki."

Sai Baƙuwa ta fara zare saiwarta daga ƙasa, ɓus, ɓus, ɓus. Ladidi ta ce, "Ranki ya daɗe, 'yan rakiyarki bakwai da ke garka fa? Sarauniya ba ta hawa karaga ita kaɗai." Baƙuwa ta kira su, suka zare ƙafafunsu suka biyo ta. Duka suka shige randa suka zauna daram.

Ladidi ta ja da baya ta duba, ta girgiza kai.

Baƙuwa ta ce, "Mene ne?"

"Ba komai. Gashinki ne dai yake jan ƙasa, har ya sarƙe a jikin lalle. Babbar mace da kai a tsefe, kamar wadda ba ta da dangi."

"To ki yi mini kitso mana, kina tsaye kina kallona!"

Baƙuwa ta saki lalle da kanta. Lalle ya ja numfashi, fuuu, har ganyensa ya motsa. Ta janye hannuwanta daga kan yakuwa, ta janye daga kan kuɓewa. Ladidi ta hau turmi ta kama kitso. Ta kitsa wannan ta ɗaure a kan rumfa, ta kitsa wancan ta ɗaure. Wanda ya yi tsawo ta datse bakinsa, ta tara a kwando, ba ta bar ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Ta kai wa Akuya kwandon.

Sannan ta ɗauko sabon faifai ta ce, "Saura abu ɗaya. 'Ya'yan sarauniya ba sa faɗuwa a ƙasa kamar na kanya. Da sun nuna zan riƙa tarbarsu a faifai."

Baƙuwa ta ce, "Yarinyar nan, ashe kin san girma."

Gari ya waye. Baƙuwa ta yi miƙa, ta fara waƙarta, "Taku ɗaya, taku ɗaya." Ta tura saiwa gabas, ƙwas, ta bugi randa. Ta tura yamma, ƙwas. Ta tura ƙasa, ƙwas. Ta nemi sauko da hannu, ta ji ko'ina a kitse. Ta nemi busasshen ɗa ko guda, babu.

Ta kwarma ihu. "Ladidi! Kin cuce ni!"

Ladidi ta zo da tulu a kai, ta sauke, ta tsaya. Wannan karon ba ta durƙusa ba.

"Masauki kika roƙa, masauki na ba ki. Taku ɗaya kika ce, auna randar nan ki gani, ta fi taku ɗaya. Na san garin da kika ci. Ga abin da zan iya: tulu guda na ruwa kowace safiya, ko rafi ya kai ina. Kitso kowace Lahadi. Taki duk wata. Ke kuma ki yi wa Baba inuwa, ki ba mu ganye, ki bar garkar uwata. In bai yi miki ba, ga kara can na tara, wuta kuma tana murhu. Zaɓi."

Can Baƙuwa ta ce, da wata murya ba irin ta waƙa ba, "Shekara bakwai na yi a filin can. Na cinye garin, na rasa wanda zan yi wa inuwa. Ko mai ce mini sannu babu, sai ke. Tsohon nan kuwa kullum in ya farka sai ya sa mini albarka." Sannan ta ce, "Zuba ruwan. Amma kitson jiya ya yi tsauri ta hagu."

Ladidi ta yi dariya, ta zuba ruwa, ta sassauta mata ta hagu.

Shi ke nan gida ya zauna lafiya. Kuɓewa ta ɗago kai. Yakuwa ta yi ja. Lalle ya yi sabon toho har ya fi da. Kaza ta sami filin tono, maciji ya rasa maɓoya ya yi gaba. Akuya tana samun kwandonta ranar Lahadi. Da kaka ta zo, Ladidi ta kai wa Gara tsohuwar danga har bakin shuri, ko kara ɗaya ba ta rage ba. Baba Jatau yana ƙarƙashin rumfa yana tufka igiya. Maƙwabta suka riƙa zuwa roƙon iri, Ladidi ta ce, "Sai wanda ya zo da randarsa, ya kuma zauna na koya masa kitso."

Mutum ɗaya ne bai ji daɗi ba. Tunau. Inuwa yanzu ta tsaya a kan rumfar Baba, ba ta bin sa inda ya kwanta. 'Ya'ya kuma sai an raba a faifai. Kuma ba mai ce masa maigida.

Sai ya sami wani ɗa guda a can saman rumfa, ya lulluɓe shi da ganye yadda Ladidi ba za ta gani ba. Ya bar shi ya bushe. Da damina ta sauka ya tsinke shi, ya kai bayan ɗakinsa, gefen 'yar gonar geron da ubansa ya yanka masa, ya fasa a ƙasa.

Kwana uku sai ga 'yar Baƙuwa ta tsiro. Ta buɗe baki ta ce, "Ranka ya daɗe, maigida."

Tunau ya ce, "Yawwa! Abin da nake son ji ke nan."

Ladidi ta gani, ta ce, "Yaya, don Allah nemi tukunya tun tana ƙarama."

Ya ce, "Ke, ƙanwar bayana za ta koya mini shuka?"

Bayan mako ta ce, "Yaya, ta fara jan ƙasa. Kawo in kitsa maka."

Ya ce, "Tawa ba 'yar kurkuku ba ce irin taki."

Bayan wani makon ta ce, "Yaya, 'ya'yanta suna bushewa a jiki."

Ya juya mata baya ya ja minshari.

Ran nan da azahar Tunau yana barci a ɗakinsa, sai 'yar Baƙuwa ta shigo ta ƙofa, ta shigo ta taga, ta shigo ta jinka. Ta kama ƙafar dama, ta kama ta hagu, ta naɗe shi da tabarmarsa kamar dambun nama a ganye. Jinka ta yi nauyi ta rufto, rugum! Tunau ya farka ya ga sama a buɗe, ya kasa ko motsa yatsa.

"Wayyo Ladidi! Wayyo ƙanwata! Wayyo Baba!"

Ladidi ta kwanto Akuya suka zo a guje. Ita tana yanka tana tarawa a kwando, Akuya tana ci, har suka jawo shi waje da ƙafa, ƙura har cikin hanci. Ya duba gonarsa, ko zangarniya ɗaya ba a gani, sai kore.

Ya ce, "Ladidi, yi mata dabarar nan taki. Ki ce mata sarauniya."

Ladidi ta kawo tukunya mai zane ta durƙusa. 'Yar Baƙuwa ta kece da dariya ta ce, "Uwata aka yi wa wayon randa. Ni a ƙasa aka haife ni, a ƙasa zan zauna. Maigida ne ya ce in miƙe."

Suka je wurin uwar a kan rumfa. Ta ce, "Ba ta jin maganata. Wanda ya shuka ta shi zai tone ta, saiwa bayan saiwa, ya shanya a kan dutse ya ƙone. In ya bar ko guntu kamar ɗan yatsa, ta dawo."

Baba Jatau ya ajiye igiyarsa, ya ce, "Tunau, sau uku ƙanwarka ta gaya maka. Ga fartanya can. Ba za ka sake zama a inuwar rumfar nan ba sai ranar da ka kawo mini saiwar ƙarshe."

To kun ji. Abin da za ku kawo gida, ku tambayi inda ya fito da abin da ya yi a can. In kun ga yana da amfani kuna so ku riƙe, ku yi masa iyaka tun yana ƙarami, kuma ku tsaya kan aikinsa kullum. Wanda ba zai iya aikin ba, ya bar shi inda ya gan shi. Kai Ɗanjuma, gobe kafin ka karya za ka tone abin nan daga gindin zogalena, ka sa shi a tsohuwar tukunyar da ke bayan madafa, mu ga halinsa tukuna. In na kirki ne, ya zauna.

Tunau kuwa ya biya. Ya biya da ɗakinsa, ya biya da geron shekara guda. Damina uku yana tono a tsakiyar rana, mutumin da bai taɓa yarda rana ta ga ƙeyarsa ba. Hannunsa ya yi kanta, bayansa ya yi baƙi, tumbinsa ya zube. Ranar da ya kawo saiwar ƙarshe ya ajiye gaban ubansa, Ladidi ta shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta kawo masa kwaɗo. Ya zauna, ya ci, ya ɗan kishingiɗa. Barci ya ƙi zuwa, jiki ya saba da aiki. Sai ya tashi ya ɗauki tulu ya tafi rafi.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓeran da ya je gonar Tunau ya dawo da yunwa. Ku tashi ku ba ni wuri.